Golf ɗin faifai a cikin darbejiya: walda ko oda?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum. Yayana da ke karatu a Finlan ya kawo min faifai uku na wasan nan da ake jefawa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi: na dogon zango, na tsaka-tsaki, da na sakawa a kwando. Akwai fili bayan unguwarmu cike da darbejiya da mangwaro, mai unguwa ya yarda mu kafa kwando tara. Dubu 300 muka tara. In kai wa mai walda a Sabon Gari, ko in yi odar ko biyu ne daga waje? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Uwar Biyu: Kada ku fara da damina. Ciyawa za ta haɗiye faifan, ga macizai. Ku bari a yi girbi.

Na Kongo: Faifai? Akwai na rufe tuwo guda huɗu a ɗakin Inna, in kawo?

Tsohon Malami: Na buga a Amurka. Cikin itatuwa ba ƙarfi ake so ba, saiti ake so. Ka ajiye na dogon zangon nan, da ya taɓa reshe sai ya karkace ya faɗa inda ba ka zata ba. Na tsaka-tsaki ya ishe ka, ka jefa shi ƙasa-ƙasa ta tsakanin kututture. Filin farko ma, wanda Ed Headrick ya tsara a Kalifoniya a 1975, sanduna ake jifa, daga baya kwando ya zo. Ka fara da turaku.

Mai Walda: Ranka ya daɗe, turke ba ya tare faifai. Sarƙar ce ke kashe masa gudu ya faɗa ciki. Dubu 35 zan yi kowanne.

Ɗan Tudun Wada: Ƙanena, saurare ni. Shekara biyu ke nan muka kafa guda uku, ni da yaran makarantarmu ta dare. Sai da na sayar da kekena na cika kuɗin. Mun share hanya, mun sassabe ƙaya, mun zuba siminti. Akwai wani yaro da ba ya magana da kowa, ranar da faifansa ya fara kaɗa sarƙa ta yi ƙara, tsalle ya dinga yi har takalminsa ya fita. Kwana 19 kacal. Da asuba na je na tarar an yanke su da zarto daga gindi, sai guntun bututu a cikin siminti. 'Yan gwangwan sun auna su a kilo. Yaron nan ya zo da yamma riƙe da faifansa, ya tsaya yana kallon ramin. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah ya saka maka.

Ɗan Tudun Wada: Amin, Hajiya. Kuma dubu 60 na biya kowanne, tun ƙarfe bai yi tsadar yau ba. Wace irin sarƙa ce a dubu 35?

Mai Walda: An dai cuce ka. Ni sana'ata ce.

Tsohon Malami: Sana'arka ƙofa da taga. Ka taɓa riƙe faifan? In tsayin kwandon bai yi daidai ba, yaran za su koyi jifan banza.

Na Kongo: Baba, na Amurka daban, na Zazzau daban. Wanda aka yanke wa kwando shi ya fi mu sani.

Ɗan Samaru: To, odar fa? Babu wanda ya ce komai a kai.

Uwar Biyu: Kafin kwando, filin na waye? Namu da yara ke ƙwallo, da baki aka ba mu shi. Wata safiya muka ga an yanka shi fuloti-fuloti.

Ɗan Tudun Wada: Itatuwan ma fa? Ɗorawa uku da tsamiya da muke jifa ta tsakaninsu duk sun zama gawayi. Mutum ya tafi wajen Kufena ya ga yadda ake sara.

Mai Walda: Buhun gawayi nawa yanzu a wajenku? Jiya a Sabon Gari na tambaya, na juyo ban saya ba.