Waɗanda suka je aikin soja a ƙasashen waje, ku ba mu labari

Malam Na Ƙofar Doka: Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure a majalisarmu kan ko sojan waje na iya zaunar da ƙasar da ta rikice. Zariya garin soja ne, Depot, inda ake horar da kuratan soja, na nan tun 1924, da wuya ka samu unguwar da ba wanda ya je Laberiya ko Darfur. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana.

Tsohon Saje, Basawa: Wa alaikumus salam, Malam. Da ni aka yi ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Saliyo. A 1998 muka kori sojojin da suka yi juyin mulki, Shugaba Kabbah ya koma kujerarsa, mutanen Firitawun na rawa a titi suna miƙo mana ruwa. Muka ɗauka an gama. Janairun 1999 sai ga 'yan tawayen RUF cikin gari, sun saje da masu gudun hijira, mata da yara a gaba. Wa za ka harba? Na ga yarinyar da ba ta wuce shekara takwas ba an datse mata hannu, an ɗaure wurin da tsumman zane, ko kuka ta kasa yi. Har yau in 'yan bindigar Sarki suka harba ranar hawan sallah, sai gabana ya faɗi. Ƙwace gari mun iya, amma riƙe shi aikin 'yan ƙasar ne, su kuwa lokacin ba 'yan sanda, ba kotu, ba albashi.

Maman Hafsa, Tudun Wada: Allah Ya saka da alheri, Baba. Maigidana na Darfur aka kai hari sansanin sojojin Tarayyar Afirka na Haskanita a 2007, cikin azumi. Kwana uku ba labarinsa, rediyo na manne a kunnena, abin buɗa baki ma ba ya shiga. Ya dawo da ransa, amma ya ce zaman lafiyar da aka tura su tsarewa, babu shi tun farko.

Direban Agadas: Ni ba soja ba ne, kaya nake kaiwa Nijar. Shekaru jiragen Amurka marasa matuƙi na tashi daga Agadas, har suka tattara a 2024. Suna nan da rakiya muke bin hanya, sun tafi ma da rakiya.

Malam Na Ƙofar Doka: Saje, cikin waɗanda kuka tafi tare daga Zariya, nawa kuka dawo?