Shawara: in biya kamfani ya juya min bidiyon tafsiri ko in kafa manhajar juya bidiyo ta FFmpeg da kaina?

ƊanFagge: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa makarantar malaminmu manhaja, za mu zuba karatun tafsirin shekarun baya, kusan awa 200. Yawancin masu kallo suna unguwannin da sabis ke hawa da sauka, shi ya sa nake son HLS: a yayyanka bidiyon gunduwa-gunduwa na daƙiƙa 6, a fitar da matakan inganci uku, 240p, 360p da 480p, waya ta riƙa zaɓar wanda za ta iya ja. Da yaren kod na Python nake aiki. In tura aikin ta kod zuwa injinan juya bidiyo na haya, MediaConvert na AWS (Amazon) ko Transcoder API na Google, ko in kama hayar saba (kwamfutar intanet) in sa FFmpeg? Kyamara ɗaya ce a kafe kan Malam, ba ma buƙatar 1080p. Saura wata biyu azumi.

Abba_Kabuga: Wa alaikumus salam. Ka zuba a YouTube kawai mana, kyauta ne. Kuma ka tabbata ka fitar da 1080p.

ƊanFagge: Malam ba ya son talla ta shigo tsakiyar aya. Maganar 1080p kuma na riga na faɗa a sama.

BabanKhalifa: Ƙanina, saurare ni. Bara na yi wa wani furodusa a Zoo Road irin wannan aiki. Na rubuta kod ɗin da ke tashi da kansa duk sanda sabon fayil ya faɗa bokiti, wato ma'ajiyar fayil ta intanet. Kuskurena, bokitin da ake zuba ɗanyen bidiyo shi na ba wa injin ya mayar da wanda ya gama. Sai ya riƙa ɗaukar abin da ya fitar yana sake juyawa, tun daren Juma'a har safiyar Litinin. Ina karin kumallo na buɗe shafin lissafi, kofin shayin ya kusa suɓuce min. Sama da dala 900. Furodusan ya ce ba ruwansa, na rubuta wa kamfanin, suka yafe wani ɓangare, sauran sai da na sayar da babur ɗina. Har yau in na ji an ce kilawud, wato hayar kwamfutocin kamfani ta intanet, gabana faɗuwa yake.

Abba_Kabuga: To yanzu a adaidaita ake zuwa ofis kenan, Yallaɓai? 😂

Maman_Hanan: Abba ka ji tsoron Allah, mutum na ba da labarin asara. Allah ya mayar da alheri, Baban Khalifa. Amma laifin bokiti ɗaya ne da rashin sa ƙararrawar kasafi. ƊanFagge, Google na karɓar dala 0.015 a minti ga duk abin da bai kai 720p ba. Mintinka 12,000, dala 180 kenan.

InjiniyaSharaɗa: Hajiya lissafin bai cika ba. Kowane mataki daban ake cajinsa, uku zai fitar, dala 540 kenan. Kuma juyawa sau ɗaya ake biya, kuɗin da ke cin mutum shi ne na isar wa masu kallo. Cloudflare Stream ba ya cajin juyawa: dala 5 a wata kan ajiyar minti 1,000, dala 1 kan minti 1,000 da aka kalla.

Maman_Hanan: To ai mutum 1,000 su kalli awa guda, dala 60 ta tafi. A azumi kullum ne fa.

BabanKhalifa: Duk lissafin takarda kuke. Wanda bai taɓa biyan bil da aljihunsa ba ya daina ba yaro shawara.

InjiniyaSharaɗa: Yaya, shekara shida ina wannan aikin. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mun gane, amma ba hujja ba ce.

ƊanFagge: Don Allah FFmpeg ɗin fa? Wa ya taɓa juya awanni masu yawa da shi?

Sadiq_Hotoro: Ni, a kwamfutar gida. Yana fitar da m3u8, fayil ɗin jerin gunduwoyin HLS, lafiya lau, amma an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, na koma farko. Ni tambayata ma, da wane kati za ka biya su? Katina sau uku banki na ƙin amincewa da shi, har aka rufe min asusu, bidiyon kwastoma ya daina buɗewa.

Maman_Hanan: Katin dala na manhaja nake amfani da shi, amma canjinsu ya fi na kasuwar canji ta Wapa tsada.

Abba_Kabuga: Ku gama wahalar, ranar da aka saki karatun washegari yana kasuwar waya ta Farm Centre ana tura wa mutane a memori.

Sadiq_Hotoro: Wannan karatu ne, lada Malam zai samu. Maman Hanan, nawa suka cire miki kan kowace dala a watan nan?