Kamfani na neman dajin garinmu zai kafa sola, me zan faɗa a taro?

Ɗan Gabas:
Assalamu alaikum. Wani kamfani ya zo garinmu a arewacin Jigawa yana neman dajin da ke gabas da gari domin ya shimfiɗa farantan sola. Dagaci ya ce za a zauna bayan sallar Juma'a a ji ta bakin jama'a. Ba ƙungurmin daji ba ne irin Falgore, amma akwai gawo da kuka da aduwa da magarya, kuma burtali ya bi ta gefensa. Can mahaifiyata take samo kukar miya, tumakinmu kuma 'ya'yan gawo ne ke riƙe su idan rani ya tsananta. Wutar ma muna bukatarta ƙwarai, don a asibitinmu da fitilar waya ake karɓar haihuwa cikin dare. Raina ya kasu biyu. Ku ba ni shawara.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara tambayarsu megawat nawa za su kafa, daga nan za ka gane girman filin. Tashar Challawa da ke Kumbotso a Kano, wadda aka buɗe a Janairun 2023, megawat 10 ce, ta ci hekta 24. Kuma ba za su bar ko bishiya ɗaya a ciki ba, domin inuwa in ta faɗa kan faranti ɗaya takan rage ƙarfin duk waɗanda aka jona da shi.

Idan lissafin hayaƙi kaɗai za a yi, sola ce ke da nasara: gas da dizal ɗin da hekta ɗaya na faranti ke hana ƙonawa ya fi hayaƙin da itatuwan hekta ɗaya ke zuƙewa. Amma wannan lissafin bai san da tumakinku ba. Sannan wurin da aka share tas ƙura yake tayarwa da hunturu, ƙurar ta kwanta kan farantan, sai an wanke. Ka tambaye su daga ina za su ɗebi ruwan.

Abu mafi muhimmanci: babbar tasha kan babban layin ƙasa take zuba wutarta. Za ta iya zama a bayan gidanka kana cikin duhu. In ba a rubuta tiransifoma da layin garinku a takarda ba, kada ka sa rai.

Bamaraɗiya:
Ɗan'uwana, ni ba na ƙin sola. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, tashar Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa mutanen Yamai wahala sosai da ta fara aiki. Amma gawo ba abin da za a sayar da arha ba ne. Mu a nan mun ga abin da sare itatuwa ya jawo: iska ta riƙa binne shuka da yashi, sai an sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Shekaru aka kwashe kafin a kai nan.

Za su ce za su dasa muku wasu a madadi. Wa zai ba su ruwa, wa zai kare su daga awaki? Shin ba ku da fako a yankinku, inda ko ciyawa ba ta fitowa? Faranti ba ruwansa da kyan ƙasa, rana kawai yake so. Ku nuna musu can.

Tsohon Ma'aikaci:
Yaro, abin da 'yar'uwarka ta faɗa shi ne magana. Sau da yawa ana zaɓar dajin gari ne saboda ba gonar mutum ɗaya ba ce, ba mai tsayawa ya yi jayayya. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978 gwamna na iya karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar kuwa ta amfanin gona da gine-gine ce, ba ta ƙasar kanta ba. Amma dokar 1992 ta wajabta a yi binciken illar babban aiki ga muhalli, a baje rahoton jama'a su duba. Ku nemi a nuna muku shi. Kuma ku gayyato Arɗo wurin taron. Burtali in ya toshe, shanu ta gonakinku za su bi, rigimar kuma ku za ta samu, ba kamfani ba.

Ɗan Gabas:
Na gode, Baba, na gode muku duka. Akwai fako a yamma da gari, sai dai ya fi dajin nisa da layin wuta, ina jin shi ya sa ba su kula shi ba. Injiniya, in sun ce jan waya zuwa can zai yi musu tsada, da me zan ba su amsa? Gobe da safe zan je wurin Arɗo.