Neman shawara kan ɗinka wa yaro kayan sarauta a Legas

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makarantar ɗana da ke Agege za ta yi ranar al'adu nan da mako 3, kuma an zaɓe shi ya fito a shigar ɗan sarki. Ina so in ɗinka masa babbar riga da alkyabba da hannuna, domin bara telan da na kai wa ya buɗe wuyan rigar har tana zamewa daga kafaɗarsa. Wane yadi ne zai dace da yanayin garin nan?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki guji karammiski mai kauri, domin zafi da danshin Legas za su jiƙa yaro da gumi tun kafin a kira ajinsu. Ki shiga kasuwar Balogun ki nemi shadda mara nauyi, ki jiƙa ta ta bushe kafin ki sa almakashi, saboda auduga takan tsuke bayan wankin farko. Aikin aska takwas kuwa, wato babban adon zare na gaban babbar riga, ba zai ƙare cikin mako 3 ba, gara ki zana aikin wuya kaɗan da alli, ki bi shi da zare a hankali.

Amsa ta biyu:
Yaya, ki kula da rawani. Rawani ɗan Kura yana da ƙyalli, amma shuninsa yakan zuba a goshi da farar riga idan gumi ya taɓa shi, don haka farin harsa ya fi. A Kano kuma naɗin rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, ki tambayi dattawan unguwa kafin a naɗa masa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan shiga Balogun da awonsa a takarda.