Fikof mai dizal tana shaƙewa idan an yi mata lodi: wa ya taɓa cin karo da haka?

Mai Farar Fikof: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata mai shan dizal ce, irin ta zamani mai kwamfuta. In ba kaya, gudu take yi sumul, a silo ma da ƙyar ka ji motsin inji. Amma da na yi mata lodi na kama hawa, sai ta fara fizga tana shaƙewa, in na ƙara taka totur abin ya ƙaru, in na ɗaga ƙafa ta dawo hayyacinta. Wani makanike ya ce nozul ne, masu fesa mai cikin inji, a canza duka huɗun. Kafin in kai ga haka, ina son in ji daga waɗanda abin ya taɓa samu.

Direban Dogon Zango: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗa mana kalar hayaƙin ba, kuma nan ne amsar take farawa. Tawa ta yi min irin wannan, filtar mai ce ta toshe. A silo ɗan man da inji ke buƙata kaɗan ne, ko filta ta cushe yana samun hanya ya wuce. Sai an ɗora kaya buƙata ta ninka, man ya kasa isowa. Kamar mai mura ne, a zaune numfashi na isarsa, ka ɗora masa buhu ka ga haki. Ka kuma kwance ƙasan kofin filtar ka tsiyaye shi a farar kwalba. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasan man.

Mai Farar Fikof: Hayaƙi babu wani na a zo a gani, Oga. Filta ba a daɗe da canza ta ba. Fitilar cek ta taɓa kamawa a kan tudu, ƙarfin ya tafi gaba ɗaya, da na kashe na sake tayarwa sai ta ɗauke.

Mai Jan Tirela: To in babu baƙin hayaƙi, mai yiwuwa mai ne ba ya isa, iska tana isa. Ni ma sabuwar filta ce a tawa lokacin da ta riƙa yi min haka, ashe matsalar tana can baya. Ragar da ke bakin bututun cikin tanki ce datti ya liƙe. In famfo ya ja da ƙarfi dattin ya manne, in an kashe mota ya saki ya koma ƙasa, shi ya sa kowa ya duba a tsaye sai ya ce lafiyarta ƙalau. Yadda muka gano: mun zuba mai mai tsabta a jarka, muka ba inji kai tsaye daga nan, muka hau tudun da ta saba kakarewa, ta haye ko tari ba ta yi ba. Sai dai in za ka yi haka, tiyon da ke mayar da ragowar mai shi ma ka sa shi cikin jarkar, in ba haka ba nan da nan za ta ƙare ka tsaya a hanya. Wani abu mai sauƙi kuma, da ta fara shaƙewa ka tsaya ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, mashaƙar tankin ta toshe.

Mai Gona: Nawa labarin daban ne, amma bari in faɗa ko ya amfani wani. Tawa baƙin hayaƙi take turnuƙewa da shi in na ɗauko taki, ga wani huci daga gaba. Tiyon da ke kai iska daga tobo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, shi ne ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. A tsaye tsagar a rufe take, sai tobo ya cika shi da iska take buɗewa. Danshin baƙin mai da ke wurin ne ya tona asiri. Kwamfuta ta nuna P0299, wato iskar tobo ba ta kai yadda ake so ba.

Sabon Shiga: Me zai hana a kunna ta a riƙa sassauta notin nozul ɗaya bayan ɗaya? Wanda aka sassauta sautin inji bai canza ba, shi ne mataccen. Haka na ga ana yi.

Tsohon Makanike: Yaro, kul! Wannan dabarar tsofaffin injuna ce masu famfon da ba ruwansa da kwamfuta. Waɗannan na yanzu, man da ke cikin bututun da nozul-nozul ke sha daga ciki matsinsa yana kai bar 1,600 zuwa 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), wasu ma sun fi. Siririn feshinsa yana huda fata ya shige nama, mutum ya iya rasa yatsa a kan haka. Ba a sa sifana a wurin inji na aiki.

Shi kuma mai motar, ɗana, abin da ka ce fitila ta kama ƙarfi ya tafi, kwamfutar motar ce ta rage ƙarfin da gangan don ta kare inji, kuma yawanci tana ajiye lambar dalilin ko bayan fitilar ta mutu. A jona na'ura a karanta kafin kowa ya goge. In ta fito P0087, matsin mai ne ya faɗi ƙasa da yadda ake nema. Amma lambar ba ta ce maka nozul ba ne. Filta na kawo ta, ragar tanki na kawo ta, iska da ke shiga ta tsohon tiyo ko robar filtar da ba ta zauna daidai ba na kawo ta, ɗan bawul ɗin da ke auna man da ke shiga babban famfo shi ma na kawo ta in ya fara maƙalewa. Ni abin da nake yi, in sa a yi wa motar lodinta na gaske, yarona ya ja, ni ina gefe da na'ura ina kallon lambobi biyu: matsin da kwamfuta ke nema da wanda ake samu. In sun rabu daidai lokacin da ta fara fizga, mai ne. In suna tare, sai in koma wajen iska, filtar iska, sensar da ke auna iskar tobo wadda kunkunniya ke toshewa, da bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. Gwajin da aka yi a cikin gareji babu kaya, ni ban ɗauke shi gwaji ba. Tun da ka ce an canza filta kwanan nan, ka tuna ko bayan canjin abin ya fara. Ka sa guntun tiyo mai garai-garai tsakanin filta da famfo, kumfa ba ta ɓuya.

Direban Dogon Zango: Baba ya gama magana. A dai kula kada a haɗa shi da zamewar kuloci. Shi kuloci, ƙarar inji ce ke tashi mota ba ta ƙara gudu, babu tari a ciki.

Mai Ɗaukar Bulo: Allah ya ƙara girma Baba, amma kada a wanke nozul daga zargi tas, don ni su ne suka ci min tuwo a ƙwarya. Na bi filta, na sauke tanki, duk lafiya. Alamar da ta bambanta tawa ita ce in inji ya yi zafi abin ya fi tsanani, kuma in na kashe ta da zafi sai ta daɗe tana juyawa kafin ta tashi. Aka ɗaura wa kowane nozul 'yar kwalba a bututun da yake mayar da mai, aka kunna. Uku sun tafi kusan kai ɗaya, na huɗun ya cika tasa tun sauran ba su yi nisa ba. Shi ke zubar da matsin. Guda ɗayan aka canza.

Tsohon Makanike: Gaskiyarka ne, kuma ka ga ai awo ne ya kama shi. Wanda ya ce a canza huɗu, a tambaye shi ko ya yi wannan gwajin na kwalabe, ya nuna maka sakamakon. In ma an kai ga canzawa, yawancin irin waɗannan nozul suna da lamba a jikinsu da dole a shigar wa kwamfutar motar, kuma a sa sabuwar washar jan ƙarfe, wato ɗan zoben da ke hana yoyo, a ƙarƙashinsa, kada a mayar da tsohuwar.