Neman shawara: wace bindiga ɗaya ce za ta ishe ni daga gadu har ɓauna?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ina da abokin hulɗa a Garwa, ƙasar Kamaru, kuma bana ya gayyace ni farauta a ɗaya daga cikin dazukan da gwamnatinsu ta ware wa masu lasisi a yankin Kogin Binuwai. Ya ce akwai gadu da kanki da gwanki, in da rabo har ɓauna. Kakana maharbi ne, da adaka ya yi zamaninsa, kuma tun ina yaro nake da wannan buri. Ni kuwa iyakata bindigar harbin tsuntsu. Ina jin ana ambaton bindigogi da lambar girman harsashinsu, .30-06 da .308 da .375, kaina ya ɗaure. Wacce ce guda ɗaya da za ta yi mini komai? Kuma a nan Kano zan nema ko yaya?

Wani dattijo daga Fagge: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka cire ɓauna daga lissafi, sai in ce maka .30-06 ta ishe ka. Tun 1906 sojan Amurka ya fara amfani da ita, daga nan ta samo sunanta, kuma da harsashi mai nauyin kusan giram 12 za ta kwantar da gadu da kanki da gwanki in ka sa shi a inda ya dace. Amma tunda ka ambaci ɓauna, magana ta sauya. Ɓauna ba ta gudu da rauni ta tafi ke nan. Takan shiga duhuwa ta laɓe ta jira mai bin sawunta. Fatarta kauri, ƙashin kafaɗarta kamar turmi. Don haka ƙasashen Afirka da dama suka sa .375 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a tunkari dabba mai haɗari da shi. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da ita a 1912. Harsashinta yakan kai giram 19, kuma duk da nauyin nan tana tafiya miƙe, har za ka iya harbin kanki daga nesa. In ɗaya tilo ce, .375 nake ba ka.

Wani matashi daga Hotoro: Baba ya yi gaskiya, amma Yaya, ka san bugun kafaɗar .375 ya kusa ninka na .30-06. Wanda bai saba ba, tun kafin ya ja kunama yake runtse ido, harsashi ya tafi wani wuri. Ka fara gwaji a kan allo kafin ka shiga daji.

Wani lauya daga Nassarawa: Alhaji, don Allah ka tsaya a tambayarka ta biyu, ita ce ta fi damuna. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Adaka da ire-irenta, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izini. Bindigar farauta, Sufeto Janar. Waɗanda aka haramta kuwa sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu akwai bindigogi masu girman harsashi irin na soja: 7.62mm da 9mm da .300 da .303. To .308 ɗin da kake ambato, a ma'aunin milimita 7.62 ce. Ka ga inda mutum zai faɗa rami bai sani ba. Ga shi a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Duk wanda ya ce zai samo maka ta bayan fage, ka rabu da shi. Kada kuma ka yi tunanin tsallaka iyaka da bindiga a mota. Masu kula da dazukan farauta na halal sukan ba baƙo aron bindiga, kuma ƙwararren maharbi ne ke raka ka. Ka nemi abokinka ya turo maka takardun wurin tukuna. A gida kuma ka tuna Falgore da Yankari gandun dabbobi ne, ba wurin farauta ba.

Wani malami daga Ƙofar Mata: Ƙari kaɗan, ɗan uwa. Ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka saki harsashi, in kuma ka iske dabbar da sauran rai, ka yanka. Gadu kuwa dangin alade ne, bai halatta a ci ba, don haka ka bar shi ya wuce. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne dabbar da aka ji wa rauni ta je ta mutu a wahale. In ba ka ga kafaɗarta sarai ba, kada ka harba.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Wallahi batun 7.62 ɗin nan ban taɓa sani ba, na fasa neman komai a nan. Na kira abokina a Garwa yanzu, ya ce wurin suna da .375 ta aro, kuma za su ba ni kwana biyu ina gwaji. Na cire gadu, Malam. Baba, in na ga kafaɗata ba ta ɗauka ba, zan tsaya a kanki da gwanki bana. Kwana biyun nan sun isa, ko in nemi a ƙara mini?