Neman kalma: DTM ta ɗakin gwaji da DTM ta masu zanen taswira

Malamai da 'yan uwa masu aikin fassara, haruffan DTM suna fitowa a fannoni biyu da ba su da wata alaƙa, kuma ina ganin kuskure ne mu rubuta "di-ti-em" mu wuce, domin yin haka ɗauko ruɗanin Turanci ne a sauke shi cikin Hausa. Kowanne ya kamata ya samu sunansa.

A ɗakin gwaji na asibiti, DTM (Dermatophyte Test Medium) wani haɗi ne mai kamar daskararren kunu da ake zubawa a ƙaramin faranti ko kwalba, wanda wani masani mai suna Taplin da abokan aikinsa suka fito da shi a 1969 domin gano ƙwayoyin da ke haddasa makero da ƙora. Ana kankaro ɓawon fata daga gefen tabon, ko a tsinko gashi, ko a yanko farce, a ɗora a kai. An saka masa magungunan da ke hana bakteriya da funfunar banza tsirowa, tare da sinadarin da ke sauya launi, saboda haka idan ƙwayar makero ta tsiro sai haɗin ya tashi daga rawaya ya koma ja. Ana duba shi cikin kwana 14, domin bayan haka wata funfunar ma tana iya mayar da shi ja. Likitocin dabbobi suna yawan amfani da shi a kan kyanwa da kare.

Wani ya kawo shawarar "gwajin cutar fata", amma wannan suna ya yi faɗi, tunda kyasbi da ƙazwa duk cutar fata ne kuma wannan haɗi ba ya gano su. Na fi karkata ga "haɗin renon ƙwayar makero", domin ya faɗi aikinsa, wato reno, ya kuma faɗi abin da ake reno.

DTM ta masu taswira (Digital Terrain Model) ta fi wuyar kamawa. Miller da Laflamme na jami'ar MIT a Amurka ne suka raɗa sunan a 1958, suna neman hanyar da kwamfuta za ta taimaka wajen tsara titi. Tarin lambobi ne da ke nuna tsayin kowane wuri a doron ƙasa, bayan an cire bishiyoyi da gine-gine, ya rage ƙasa zalla. Da shi injiniya yake lissafa yawan ƙasar da za a haƙe ko a cike, da shi kuma ake hasashen inda ruwa zai bi idan kogi ya yi ambaliya.

An ce "taswirar ƙasa ta kwamfuta", sai dai mai karatu zai ɗauka taswirar garuruwa da iyakoki ake nufi, alhali ba taswira ba ce, daga cikinta ake fitar da taswira. Ina ba da shawarar "siffar tudu da kwari ta kwamfuta". Idan kuma za a bambanta ta da 'yar uwarta DSM (Digital Surface Model), wadda ke ɗaukar tsayin rufin gidaje da kan bishiyoyi, sai a ƙara "ta ƙasa zalla".

Abin da ya rage shi ne ƙora: shin "makero" ya isa ya rufe ta a bakin Sakkwatawa da Damagarawa, ko sai an ambaci duka biyun? Ma'aikatan ɗakin gwaji na cikinmu, ku faɗa mana yadda marasa lafiya ke kiran su a wurarenku.